Makokin Kaguwa a Tsibirin Daskarau

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kifa mata sama, ya haƙa teku ya cika ta har baki, ya zuba a ƙarƙashinta bayin da ba su noma ba su fatauci, amma bai taɓa mantawa da abincin ɗayansu ba. Ku matso ku gyara zama. Mai tari ya yi abinsa tun yanzu, don ni idan na ɗauko zance ba na son a tsinka mini shi.

Ni ce Gwamma 'yar Bagudu, mutuniyar Kwarin Maraya, wadda ake wa laƙabi da Malamar Kaguwa. Don ba'a aka raɗa mini sunan, ni kuwa na karɓe shi hannu bibbiyu. Tun ina yarinya, sa'o'ina suna dandali suna gaɗa, ni ina bakin gulbi ina leƙen ramuka. Da na girma na tafi Makarantar Ilimin Ruwa ta Birnin Sansami, na karanci kaguwa da jatan lande da duk wani mai ɓawo a baya da ƙafafu barkatai, har malamaina suka ce ba abin da ya rage su ƙara mini. Ana nan sai wani tsohon bafatake ya ba ni labari cewa can ƙarshen arewa, inda sanyi ke mayar da ruwa dutse, akwai kaguwar da bayanta ya kai jinkar rumbu, kuma ba mahalukin da ya taɓa ganin gidanta a ƙasan teku. Wannan magana ta hana ni sukuni. Mahaifiyata ta yi faɗa har ta gaji, daga ƙarshe ta ɗaure mini guzuri, dunƙulen man kaɗanya da ƙullin dakakken barkono mai uban yawa, ta ce wai ƙasar da ba yaji ba ƙasar zama ba ce. Ni kuma na ƙara da gora cike da ruwan gulbinmu da 'yan mitsi-mitsin jatan lande a ciki, na kama hanya.

Garin farko da ya tsayar da ni shi ne Birnin Ƙarau, a tsakiyar rairayi. Mutanensa yashi suke narkawa su yi gilashi, da shi suke gina ɗaki, da shi suke yin tukunya, har ganuwarsu ma kana tsaye a waje kana hango mai wanki a ciki. Na tarar da su cikin tashin hankali. Babban tafkin da suke tara ruwan sama ya yi kore shar da gansakuka, sai wari yake, an kwashe an kwashe abin sai ƙaruwa. Na ce su ba ni wuri. Na juye musu 'yan jatan landena a ciki, mutane suna ta dariya, wai baƙuwa ta zo ta ƙara wa ruwa ƙwari. Na bar su da dariyarsu. 'Yan halittun nan ba abin da suke so kamar gansakuka, suka ci suka hayayyafa, suka ci suka hayayyafa, kafin wata ya juyo sai ga gindin tafki ana gani tar.

Shugaban masu narka gilashi ya ce in faɗi abin da nake so. Na ce randa nake so, wadda mutum zai zauna a ciki ya miƙe wuyansa, kaurin jikinta kuma ya kai tafin hannu. Ya dube ni ya dubi mutanensa, ya ce, "Baiwar Allah, me za ki zuba a ciki?" Na ce, "Ni kaina." Suka yi mini ita, suka ɗora a amalanken shanu har bakin teku, kuma na tabbata har yau suna cewa mahaukaciya ce ta gyara musu ruwa.

A bakin teku na sami jirgin da ke zuwa arewa, na wani ƙaton mutum mai suna Jarmandi. A wurin ma'aikatansa na koyi harshen mutanen ƙanƙara, don rabinsu 'yan can ne. Tafiya ta yi daɗi da farko, sai jirgi ya fara nauyi. Iska na kaɗawa amma muna jan ciki kamar kunkuru, abinci kuma yana ƙarewa. Ma'aikata suka haɗa baki cewa randata ce ta jawo, wai tun da aka ɗora ta jirgin ya ƙi tafiya. Da na ga sun nufo ta da igiya za su jefa ta ruwa, sai na tattara zane na haye na faɗa ciki na zauna. Na ce, "Bismilla, ku jefa mu tare."

Jarmandi ya zo ya tsaya a kaina, ya ce, "Malama, fito, kada ki sa in yi abin da ba na so."

Na ce, "Sai ka aika an dubo maka gindin jirginka tukuna."

Ya tura mai iyo, ya nutsa ya fito da dunƙulen wasu ƙananan halittu masu ɓawo kamar tsakuwa, ya ce gindin jirgi duk su ne, sun yi masa gemu. Na gane su nan take, dangin kaguwa ne, sai dai su tun suna ƙanana suke manna kansu a itace su zauna har mutuwa. Na ce masa ruwan gishiri ne rayuwarsu, ya nemi bakin wani kogi ya shigar da jirgin ruwan daɗi. Ya yi hakan yana ƙunƙuni. Muka ɗan zauna a can, halittun suka mutu, aka kankare su cikin sauƙi, da muka fito jirgi ya riƙa gudu har sai da aka rage tantin da iska ke tura jirgin da shi. Tun daga ranar, mutanen da suka so jefar da randata su ne masu goge mata ƙura.

Haka muka yi ta nausawa arewa har muka shiga inda rana ba ta faɗuwa a wannan lokaci na shekara. Sai ta gangara kamar za ta tafi, ta taɓa bakin ruwa, ta sake hawa. Ni dai da cikina nake gane lokacin salla, in yunwa ta taso na san azahar ta yi. Duwatsun ƙanƙara suna yawo a kan ruwa, wani ya fi ganuwar gari tsawo. A nan Jarmandi ya sauke ni da randata a Tsibirin Daskarau, ya ce zai biyo ta kaina idan ya juyo.

Mutanen Daskarau ba su da gona ba su da garke. Kaguwa ce hatsinsu, ita ce namansu, da ƙafarta suke yin cokali, da bayanta suke rufin ɗaki. Suna jefa manyan kwanduna a teku da tsokar kifi a ciki, su jawo su cike. Ranar da na fara ganin kaguwar nan, wallahi sai da na zauna a ƙasa don murna. Ƙafa guda ta kai taɓarya, jikinta ja wur da ƙayoyi. Na yi ta zagaya ta ina ƙirga gaɓoɓinta, matan gari suna kallona suna taɓa baki.

Wadda ta sauke ni a ɗakinta wata tsohuwa ce, Inna Kalumbu, mai riƙe da sarautar Marufiya. Aikin Marufiya shi ne rufe teku. Kowace shekara akwai lokacin da kaguwa ke daina shiga kwando, sai Marufiya ta fito ta ɗaura igiya a bakin gaɓa, ba mai sake jefa kwando har sai ta kwance. Na tambaye ta dalili, ta ce, "'Yar nan, haka na tarar uwata na yi, ita ma haka ta tarar. Kaguwa na da lokacin da take son a ƙyale ta." Tsohuwar nan ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Lokacin da sanyi ya kusa cinye mini yatsun ƙafa, a cikin rigarta ta cusa su, a kan fatar cikinta, har jini ya dawo. Tana da ɗa guda, Tunkuri, maƙerin gari, dattijo mai furfura a gemu, wanda magana ke yi wa wuya kamar kuɗinta ake biya.

To, ga inda abin ya ɓaci. A shekarar, bayan Inna ta rufe teku, wani ƙaton dutsen ƙanƙara ya zo ya toshe mashigin da ruwa ke bi ya fice zuwa babbar teku. Ruwa ya rasa hanya ya juyo gaɓa. Muna zaune sai muka ji kururuwa. Muka fita, me za mu gani? Kaguwa ce a zube a bakin ruwa, tuli-tuli, iya ganinka, ba wadda ke motsi. Gari ya ɗauki kuka, maza suka yayyaga huluna, mata suka zube suna birgima a ƙanƙara, kowa na cewa kaguwa ta ƙare, teku ta mutu.

Ni kuwa na je na ɗaga guda, na ji ta sakayau. Na juya ta, ga tsaga a bayanta, ciki ba tsoka ko ƙwaya, ba wari, ko tsuntsu ɗaya bai sauka a kanta ba. Sai dariya ta kuɓuce mini a tsakiyar makoki, Allah ya yafe mini. Saɓa ce! Kaguwa idan ta yi ƙiba ɓawonta ya matse ta, sai ta tsaga shi ta baya ta zare jikinta ta bar shi, kamar yadda maciji ke yi. Na sha gani a gulbinmu. Amma su mutanen Daskarau ba su taɓa gani ba, don ƙanƙara ba ta barin ƙananan kaguwa su zauna a gaɓarsu, manyan kuwa can ƙasan teku suke tuɓewa, ruwa ya kwashe ɓawon ya fice da shi. Bana da aka toshe hanya, sai ya kawo musu shi ƙofar gida.

Dariyata ba ta daɗe ba. Ashe a al'adarsu, idan teku ta mutu a hannun Marufiya, ita ma sai ta bi ta. Za a sa mata farar rigar fata, a yayyafa wa rigar ruwa har ta daskare ta sandare, a ɗora ta a kan faifan ƙanƙara a tura ta teku ba abinci ba abin tuƙi. Sai dai ba a yi sai an gama binne gawa ta ƙarshe, don su kaguwa ba abinci kaɗai ba ce a wurinsu, 'yar'uwa ce, kowace sai an yi mata waƙar makoki an rufe ta da duwatsu.

Na ruga wurin mai mulkin tsibirin, Sarki Zarmandu, na faɗi na yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, ba gawa kuke binnewa ba, riguna ne. Masu su suna can ƙasa da ransu."

Ya dube ni da jajayen idanu, don shi ma kukan ya sha. Ya ce, "Baƙuwa, ga ido ga ƙafa ga baki, har gashin baki, ki ce mini riga? Wace riga ce ke da ido?"

Na ce, "Allah ya ba ka nasara, ka shinshina. Gawa ta taɓa rasa wari?"

Ya ce, "A nan ƙasar ko mutum ya mutu ba ya wari, sanyi ba ya bari."

Nan ya ɗaure ni, don gaskiya ya faɗa. Na koma wurin Inna Kalumbu ina huci, na tarar da ita tana rabon tukwanenta ga maƙwabta. Ita ma ta yarda kaguwa ta mutu. Ta ce, "'Yar nan, bar wahalar da kanki. A hannuna ta mutu, ba zan ƙi bin ta ba." Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, kin ɗumama mini ƙafa da cikinki, ba zan tsaya ina kallo a tura ki ruwa saboda tsumma ba." Na juya wurin Tunkuri na ce, "Maƙeri, kana son uwarka?" Sai ya miƙe ya ɗauki guduma.

Muka kifa randar gilashi, bakinta ƙasa. Tunkuri ya ƙera mata ƙawanya ta ƙarfe, ya rataya duwatsu don ta nutse, ya gicciya katako a ciki inda zan zauna. Kun san idan aka kifa ƙwarya a ruwa iska ba ta fita, to haka randar za ta riƙe mini numfashi. Ya hura salkuna da zugazuginsa ya ɗaure a jikin katakon, in iska ta gurɓace in kwance guda. Duk wannan aiki muna yi muna jin waƙar makoki daga gaɓa, tulin ɓawo kuma sai raguwa yake. Da muka gama, abin da ya rage bai fi a binne kafin a ci abinci sau biyu ba.

Na shafe jikina da man kaɗanyar mahaifiyata tun daga goshi har tafin ƙafa, na sa fata a kan fata, na soke ƙullin barkono a ƙugu don ban saba rabuwa da shi ba. Tunkuri da abokan sana'arsa suka kai ni tsakiyar ruwa a babban kwalekwale. Suka ɗaura wa randar babbar igiya, suka haɗa mini da wata siririya, muka yi alkawari in na ja siririyar igiya su jawo ni. Na yi addu'a na shige, suka sake ni.

Jama'a, gani ya kori ji! Ruwa ya fara kore, ya koma shuɗi, ya koma baƙi ƙirin, kunnuwana suna zafi kamar ana soka tsinke, sanyi na shigowa ta ƙasa yana cizon ƙafa. Na ce a raina, yau Gwamma kin kai kanki. Can sai na ga haske. Wasu halittu ne kamar leda suke yawo, jikinsu na walƙiya shuɗi da kore, ga jatan lande dubbai kowane da 'yar fitilarsa a ciki, suka kewaye randata har ina ganin zanen tafin hannuna. Da haskensu na hango ƙasan teku, na manta da tsoro, na manta da sanyi.

Daji ne a can ƙasa, dajin murjani fari fat, rassa a kan rassa, ba ganye ko ɗaya. A tsakaninsa ga soso manya-manya kamar rumbuna, ga wasu jajaye masu siffar tauraro suna jan jiki a laka, ga wasu kamar furanni, in kifi ya gifta sai su rufe a kansa. Wani ɗan ƙaramin mai ɓawo ya ari gidan dodon koɗi yana yawo da shi. Duk abin da na karanta a Sansami bai kai rubu'in wannan ba. Na riƙa ihu ni kaɗai a cikin randa, ina kiran sunayen malamaina ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ku zo ku gani.

Sai na hango wani tudu a tsakiyar dajin, tudun yana numfashi. Da randa ta matso na ga ashe kaguwa ce, ta hau kan kaguwa, ta hau kan kaguwa, har ta yi tsauni. Masu taurin ɓawo suna waje sun yi katanga, waɗanda suka tuɓe suna tsakiya, jikinsu laushi tuɓus, suna jiran sabon ɓawo ya yi ƙwari. A gefe ga tsofaffin rigunan ruwa na kwasa yana tafiya da su. Ashe abin da ya sa ba su shiga kwando ke nan, mai shirin saɓa ba ta cin abinci. Ashe kuma igiyar da kakannin Inna ke ɗaurawa ita ce ke ba su lafiyar canza kaya. Na yi hamdala har da hawaye.

Ina cikin wannan sai randa ta girgiza, haske ya ɗauke. Wata halitta ce mai hannuwa takwas, wadda ke zuwa farautar masu laushin jiki, ta rungume randar gaba ɗaya. Idonta guda, faɗinsa kamar faifai, yana manne da gilashi yana dubana. Ta zuro hannu ta bakin randa tana lalube, ta kama mini ƙafa ta fara ja. Na riƙe katako ina salati. Sai na tuna irin waɗannan da hannu suke ɗanɗano, kowane ƙoƙon da ke jikin hannun harshe ne. Na warware ƙullin mahaifiyata na dumbuzi barkono na murtsuka mata son raina. Kai, ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Ta sake ni, ta feso baƙin ruwa, ta ɓace. Ni ma na sha atishawa har na ƙarar da salka guda, amma na yarda da maganar tsohuwata, ƙasar da ba yaji ba ƙasar zama ba ce.

Na san idan na kai musu mai laushi za su ce ciwo ne ya narkar da ita. Wadda ke gab da tuɓewa nake so. Na duba na duba, har na ga wata a gefen tudu, bayanta kamar babban tire, idonta ya dushe, ga siririn layi ya fara buɗewa a ƙarshen ɓawonta. Na zura zargen igiyar da na zo da shi ta ƙasa na sarƙafe ta a hankali, na ja siririyar igiya. Saura salka guda ta rage mini.

Da aka fito da ni ba na iya tsayuwa, haƙorana sai kaɗawa suke. Na ce wa Tunkuri su juya randar, su cika ta da ruwan teku, su sa kaguwar a ciki, su tuƙa da duk ƙarfinsu. Muna isa gaɓa na ga abin da nake tsoro. An ɗora dutse na ƙarshe a kan ɓawo na ƙarshe. Inna Kalumbu na tsaye a kan faifan ƙanƙara cikin farar rigar da ta sandare, fuskarta kaɗai ake gani, maza sun riƙe dogayen sanduna suna jiran umarni.

Aka girke randa a gaban Sarki. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ɗaya daga cikin matattunku, daga gidanta na ɗauko ta."

Jama'a suka matso. Kaguwa kuwa ta kwanta shiru, ko ƙafa ba ta ɗagawa. Na roƙe ta a zuci, na ce haba baiwar Allah, kada ki kunyata ni. Ta ƙi. Sarki ya ƙwanƙwasa gilashi, ya jira, ya girgiza kai, ya ce, "Kin yi ƙoƙari, baƙuwa, amma gawa kika ƙaro mana. Ku tura."

Sanduna suka taɓa ƙanƙara. Na ce da ƙarfi, "Allah ya ba ka nasara, ka ce gawa ce?"

Ya ce, "Kowa ya gani."

Na ce, "To ashe ba a binne ta ƙarshe ba. Ko Daskarau ta fara tura Marufiya alhali 'yar'uwa na kwance ba a yi mata waƙa ba?"

Tsofaffi suka dubi juna suka gyaɗa kai. Sarki ya cije leɓe, ya ɗaga hannu, aka janye sanduna. Mata suka kewaye randa suka ɗauki waƙar makoki, waƙar kuwa doguwa ce, Allah ya saka wa wanda ya tsara ta. Ni ina durƙushe, goshina a jikin gilashi. Suka wuce rabi. Suka kusa ƙarshe. Masu duwatsu har sun fara matsowa.

Sai layin nan ya buɗe.

Wata mata ta fara gani, waƙa ta maƙale mata a wuya. Bayan kaguwa ya ɗaga kamar murfin tukunya, wani abu ja mai sheƙi ya kumburo daga ciki. Kaguwar ta yunƙura, ta huta, ta sake yunƙurawa, ta riƙa zare ƙafafu ɗaya bayan ɗaya kamar mai cire safa, har ido, har gashin bakin da Sarki ya yi mini gardama da shi. Ta ja da baya ta fito ɗungurungum, ta fi yadda take a da girma, ta tsaya a gefe tana motsa baki. Kusa da ita ga gawar da suke wa waƙa, da idonta da ƙafarta, ba kowa a ciki.

Sarki Zarmandu ya naɗe hannun riga ya zura hannu a ruwa ya ɗago ɓawon, ya leƙa cikinsa, ya juya ya dubi dogon layin kaburburan da suka sha wahalar ginawa. Ya ce a hankali, "Duka?" Na ce, "Duka, ranka ya daɗe. Suna can ƙasa sun yi tsauni, idan Marufiya ta kwance igiya za ku gaji da ja." Wani tsoho ya fara dariya, dariya ta kama na kusa da shi, kafin ka ce kwabo gari ya rikice da guɗa da tsalle, masu kuka na dariya, masu dariya na kuka. Ni kaina na taka rawa da ƙafafun da ba na ji.

Tunkuri bai tsaya rawa ba. Ya yi tsalle ya haye faifan ƙanƙara, ya sa wuƙa ya tsaga rigar uwarsa ta baya, don ta daskare ba ta cirowa ta wuya. Inna Kalumbu ta zare hannu ɗaya, ta zare ɗayan, ta ja da baya ta fito, ɗanta ya lulluɓe ta da bargonsa ya ɗauko ta kamar jaririya. Rigar kuwa ta tsaya ƙyam a inda take, da hannuwanta a buɗe, ba ta faɗi ba.

Sarki ya zo ya durƙusa a gabanta, abin da aka ce ba a taɓa gani ba, ya ce, "Inna, ki yafe mana." Tsohuwa ta dube shi, leɓɓanta sun yi shuɗi, ta dubi kaguwar da ke cikin randa ta daɗe tana kallo. Ta kamo hannuna ta cusa a cikin bargonta, don ta ga yatsuna sun sandare. Sannan ta nuna rigar da haɓa, ta ce, "Na yafe. Ga waccan can, ku je ku yi mata waƙa, tun da kun iya binne riga."

Ba su binne rigar ba. Sun ɗauko ta sun kafa a bakin gaɓa inda ake ɗaura igiya, kuma da Jarmandi ya dawo ya ɗauke ni, ita ce abu na ƙarshe da na hango daga jirgi, tana tsaye fara fat. Randar na bar wa Inna, ta ce kowace shekara sai an sa kaguwa guda a ciki yara sun gani da idonsu. Iyakar abin da na gani ke nan a Daskarau, na kuwa faɗa muku shi yadda ya faru. Wanda ya ce ƙarya nake, hanyar arewa ba a rufe take ba, sai dai ya tafi da barkononsa.